Filin da suke kira na banza

Shekara uku na yi ina gudu a wata 'yar hanyar ƙasa da ta zagaye wani fili mai bishiyoyi. Ba lambu ba ne da aka tsara, babu kujeru, babu fitilu. Ciyawa ce kawai, da bishiyoyi kamar talatin, da wani ɗan kwari da ruwa ke kwanciya a ciki in an yi ruwan sama. Wata safiya na iso na tarar an kafa turaku an ja waya, an jibge bulo da yashi daidai inda hanyar ke lanƙwasa. Na tsaya ina haki, na gaishe da dattijon da aka bar wa gadin kayan, na ce, "Baba, me za a yi a nan?" Ya ce shaguna za a gina. Da ya ga fuskata ta canja sai ya ƙara da cewa, "Ai ɗana, filin banza ne, ba abin da ake yi da shi."

Ban ga laifinsa ba, abin da ya ji ana faɗa ne ya faɗa. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yau, domin haka masu tsara garuruwa da masu kuɗin gini suke kallon duk wurin da ba a ɗora wa rufi ba. Ni kuwa na san masu amfani da filin nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani tsoho mai sanda da ke zagaye shi sau biyu kowace safiya, wanda ya taɓa gaya mini cewa a nan ya koyi tafiya karo na biyu bayan shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu mata biyu masu saurin tafiya, ba sa rabuwa, hirarsu ba ta yankewa. Akwai yara masu ƙwallo da yamma. Ga kuma ni. Abin da nake son in kare a nan shi ne, fili irin wannan yana cikin kayan kiwon lafiyar jama'a kamar yadda ruwan sha mai tsabta yake, kuma gudu ko tafiya a cikinsa yana yi wa mutum abin da motsa jiki a cikin ɗaki ba ya yi masa.

Ni ma ba a waje na fara ba. Likita ne ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya tambaye ni awa nawa nake yi a zaune a rana. Da na lissafa sai na ga daga kujerar mota zuwa ta ofis zuwa ta falo rayuwata ke tafiya. Na yi rajista a wani gidan motsa jiki, na hau injin gudu. Gabana bango ne da talabijin, ƙarƙashin haɓata kuma lambobi ne masu ƙirga minti da daƙiƙa. Idona ba ya barin lambobin nan. Minti ashirin sai ya yi mini tsawon awa guda, kuma duk tunanin da na kwaso daga ofis yana nan tare da ni a kan injin, ba inda ya je. Wata biyu na yi na daina zuwa.

Wani abokina ne ya ja ni filin nan da sassafe. Har yanzu ina tuna raɓar da ta jiƙa mini safa, da ƙamshin ƙasa mai danshi, da yadda tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya daga wata bishiya da muka matso kusa. Dole idona ya koma ƙasa saboda saiwoyi da duwatsu, sannan ya ɗaga ya hangi nesa, sannan ya dawo. Muna sassarfa muna tafiya, muna sassarfa muna tafiya. Da muka tsaya na duba agogo sai na ga mun ci minti arba'in, ban kuma duba shi ko sau ɗaya a hanya ba. Jiki magayi ne, tun ranar na san akwai bambanci, kafin in karanta abin da masana suka gano a kai.

Amfanin motsa jiki shi kansa ba abin ja-in-ja ba ne. Tun 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas mai bene da kwandastocinsu, ya ga kwandastoci masu hawa da sauka a matakala duk yini sun fi direbobi masu zama tsira daga bugun zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, wanda ya bi mutum fiye da 55,000 na tsawon kimanin shekara 15, ya nuna masu gudu sun fi marasa yi ƙarancin mutuwa da kashi 30 cikin 100, ta fuskar ciwon zuciya kuwa da kashi 45, har da waɗanda ba sa wuce minti biyar zuwa goma a rana. Duk da haka hukumar ta ce a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wato mutum biliyan 1.8, ba sa kai wannan mizani. Ke nan sani ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Abin da ke wahala shi ne ɗorewa, kuma mutum ba ya ɗorewa a kan abin da ransa ke ƙi. A nan ne wurin da ake yin gudun yake shigowa.

A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire madaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon bishiya an sallame su da wuri da kusan kwana ɗaya, kuma sun fi ƙarancin neman maganin zafi mai ƙarfi. Waɗannan fa a kwance suke, ta taga kawai suke hangen ganye. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford suka aika wasu mutane tafiyar minti 90, wasu a cikin ciyayi da bishiyoyi, wasu a gefen babban titi mai cunkoson motoci. Tafiya iri ɗaya, tsawon lokaci iri ɗaya. Waɗanda suka bi cikin ciyayi sun dawo da raguwar wannan saƙa da warwara da mutum ke yi a zuci yana juya damuwa ɗaya ba iyaka, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke da alaƙa da irin wannan tunani ya lafa. Na gefen titi ba su samu haka ba. A 2019 kuma wani bincike daga Jami'ar Exeter a Ingila, kan mutum kusan 20,000, ya ga waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako a cikin lambu ko daji ko bakin ruwa sun fi ba da labarin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ko a tashi ɗaya suka yi awa biyun ko a rarrabe. Hukumar kula da gandun daji ta Japan ta riga kowa ɗaukar abin da muhimmanci, tun 1982 ta raɗa masa suna shinrin-yoku, wato wankan daji, tana ƙarfafa wa mutane su shiga cikin bishiyoyi su ɗan jima.

Wani zai ce ai masu lafiya ne dama ke iya fita, don haka ba abin mamaki ba ne a same su da lafiya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya game da binciken da ke tambayar mutane kawai. Amma ba ta taɓa na Stanford ba, inda masu binciken ne suka raba mutanen da kansu, ba ta kuma taɓa marasa lafiyar Ulrich ba, waɗanda ba su suka zaɓi ɗakunansu ba.

Ta fuskar gaɓɓai ma akwai magana. Bel ɗin injin gudu shimfiɗaɗɗe ne, kowane taku kamar na bayansa, don haka jijiyoyi iri ɗaya ke ɗaukar nauyi a wuri ɗaya sau dubbai. Hanyar ƙasa kuwa ba ta barin ƙafa ta yi barci. Nan turɓaya, can tsakuwa, gaba ɗan tudu, sai gangara. Idon sawu da agara da ƙananan tsokokin tafin ƙafa suna ta gyara tsayuwar mutum ba tare da ya sani ba, kuma wannan aikin ne ke gina daidaiton da ke hana faɗuwa in shekaru sun ja. Akwai kuma iska da mai gudu a waje ke kutsawa, wadda na cikin ɗaki ba ya haɗuwa da ita, shi ya sa tun 1996 masana suka gano cewa sai an ɗan ɗaga injin da kashi 1 cikin 100 kafin wahalarsa ta yi daidai da ta gudun waje in ana sauri. Wasu masana biyu, Dennis Bramble da Daniel Lieberman, sun yi bayani a 2004 cewa ƙirar jikin ɗan Adam ta dace da dogon gudu a sarari: doguwar agara mai aiki kamar roba, manyan tsokokin ɗuwawu, da fata mai fitar da zufa da ke sanyaya jiki ana cikin tafiya, abin da yawancin dabbobi ba su da shi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun famfalaki cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a 2019, ba abin da ya fi ƙarfinsa na kayan zamani, amma a hanyoyin ƙasa na gefen dajin Kaptagat yake yawancin atisayensa.

Ba ƙyamar injin gudu nake yi ba. Ga wanda ke jinya, ko wanda yanayi ya kulle a gida, ko wadda ba ta da inda za ta fita cikin aminci, da babu gara ba daɗi, kuma zuciya za ta amfana. Sai dai tarihinsa ya dace a sani. Kakan wannan inji wani injiniyan Ingila ne, William Cubitt, ya ƙirƙiro shi a 1818 domin gidajen yari, inda ake sa fursunoni su yi ta taka wata ƙatuwar ƙafar inji mai juyawa na awoyi a matsayin horo. Waɗanda suka yi shi sun fahimci cewa tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina tana gajiyar da rai kafin ta gajiyar da jiki.

Abin da na fi so mutane su kula da shi, wanda kuma aka fi mantawa, shi ne haske. Muna zaton ɗakin da aka kunna wa fitila yana da haske, amma ido ne ke yaudarar mu domin yana saurin sabawa. A ma'aunin da masana ke kira laks, ofis mai kyakkyawar fitila bai cika wuce 500 ba, inuwar bishiya da rana tana kaiwa dubbai, tsakar rana kuwa tana iya kai 100,000. Da wannan haske ne agogon jiki ke saita kansa. In ya shiga ido da safe, jiki ya san gari ya waye, sai ya tsara lokacin da zai saki sinadarin melatonin mai kawo barci da dare. Farkon abin da na lura da shi a kaina, tun kafin ma'aunin jini ya nuna komai, shi ne na daina juye-juye a gado. Fata kuma da hasken rana take haɗa bitamin D da ƙashi ke buƙata, kuma gilashin taga yana tare irin hasken da ke wannan aiki.

Ga yara kuwa batun ya fi nauyi. Matsalar idon da ke hana yaro ganin abu mai nisa sai da tabarau tana ta yaɗuwa a duniya, musamman a manyan biranen gabashin Asiya inda yara ke wuni a aji su kwana a kan littafi. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an gwada wani abu mai sauƙi a makarantun firamare 12: rabinsu aka ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kamar yadda aka buga a 2015, kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗannan yara ne suka kamu da matsalar, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40. Ba a ba su magani ba, ba a sayi wata na'ura ba, ƙofa kawai aka buɗe musu. Duk lokacin da na ga makarantar da aka cinye filin wasanta da sababbin ajujuwa, wannan lissafin nake tunawa, raina kuma yana ɓaci.

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma wasunsu na gaske ne. Masu cewa gudu yana lalata gwiwa ba su da ƙarfin hujja: wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya ga ciwon gaɓɓan gwiwa da ƙugu a wajen kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun nishaɗi, a wajen marasa motsi kuwa fiye da kashi 10. Wanda ya fara a hankali, yana haɗa tafiya da sassarfa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, gwiwarsa za ta saba. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke da ciwon zuciya ko ya manyanta sosai ya ga likita tukuna. Zafi kuwa ana kauce masa da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da kuma shan ruwa.

Hujjar hayaƙi ta fi waɗannan nauyi. A Landan an taɓa sa mutane masu shekara 60 zuwa sama tafiyar awa biyu, wani lokaci a cikin lambun Hyde Park, wani lokaci a titin Oxford mai cike da hayaƙin bas da tasi. A sakamakon da aka buga a 2017, tafiyar lambu ta buɗe musu huhu ta kuma sassauta jijiyoyin jini, ta titi kuwa hayaƙi ya cinye yawancin wannan riba. Masu son su zauna a gida suna iya kafa hujja da wannan. Ni abin da na gani a ciki shi ne, lambun ne ya yi aikin, kuma garin da ba shi da lambu ya bar tsofaffinsa da titin kawai.

Sai hujjar tsaro, wadda ta fi kowace taɓa mata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mata sun fi maza ƙarancin motsa jiki, kashi 34 cikin 100 na mata ba sa kai mizanin, maza kuwa kashi 29. Ba na yarda cewa ƙyuya ce. Macen da ta fita gudu tana lissafin abubuwan da ni ban taɓa lissafawa ba: wa ke bin ta da ido, wa zai jefa mata magana, ina ne duhu, ta ina za ta bi in wani ya tare ta. Matan nan biyu na filinmu ba don hira kaɗai suke tafiya tare ba. In muka ce wa mutane su fita su motsa jiki alhali rabinsu na tsoron fitar, mun yi maganar da ba ta da nauyi a bakinmu. Aikin masu mulki ne su sa fitila, su share sarƙaƙiya, su sa masu tsaro, aikinmu kuma mu maza shi ne mu kama bakinmu da idonmu, mu kuma tsawata wa wanda bai kama nasa ba.

Duk waɗannan hujjoji in aka bi su sai a ga wuri ɗaya suke nunawa. Mutum shi kaɗai zai iya sayen takalmi ya tashi da wuri, amma ba zai iya dasa wa kansa daji ba, ba zai iya kawar da hayaƙin titi ba. Fiye da rabin mutanen duniya yanzu a birane suke, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana hasashen za su kai kashi 68 cikin 100 nan da 2050. Filin da aka gine a yau ba ya dawowa, kuma in filaye suka ƙare mai hali zai biya kuɗin gidan motsa jiki ko ya tuƙa mota zuwa bayan gari, talaka ne za a bari da gefen kwalta. Shi ya sa nake ganin tsare fili magana ce ta adalci, kuma ya kamata a rubuta ta a dokar tsara gari ta yadda ba mai iya sayar da shi a ɓoye.

An kuma ga inda aka yi aka dace ba tare da kashe dukiya ba. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 aka fara rufe wasu tituna ga motoci, yanzu kowace Lahadi da ranar hutu ana bar wa masu gudu da masu keke da masu tafiya fiye da kilomita 120 daga safe zuwa ƙarfe biyu na rana. A Landan, a watan Oktoban 2004, wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt ya tara masu gudu 13 a lambun Bushy Park suka yi kilomita biyar ranar Asabar da safe, kyauta. Abin da ake kira parkrun ke nan, wanda yanzu ake yi a ƙasashe fiye da 20, tsoho da yaro, mai gudu da mai tafiya, kowa a layi ɗaya. Abin da waɗannan biyu suka buƙata shi ne wuri, da hukumar da ta yarda a bar wa mutane shi.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga ma'auni. A gidan motsa jiki wata biyu na yi ban san sunan kowa ba, kowa da abin sauraro a kunne yana kallon madubi. A filin nan cikin mako biyu na san wanda ke zuwa da wanda ya yi fashi. Ranar da na kwana uku ban fito ba saboda zazzaɓi, tsohon nan mai sanda ya tare ni ya ce, "Ɗana, lafiya kuwa? Mun ga ƙafarka ta ɗauke." Mutumin da ya san ana cigiyarsa yana da wuya ya daina fitowa.

Shagunan sun tashi yanzu, an sare bishiyoyin sai guda huɗu da suka faɗa bayan katanga. Ni na samu wata hanyar, sai na yi tafiyar minti ashirin da biyar kafin in kai, kuma ina da ƙafar yin hakan. Matan nan biyu ban sake ganinsu ba. Tsohon kuwa na hange shi kwanan baya a gefen babban titi, yana bin bakin kwata da sandarsa, yana tsayawa duk lokacin da babbar mota ta wuce har ƙura da hayaƙin su lafa, sannan ya ɗaga ƙafar nan mai nauyi ya ci gaba.